Sunan da ke Bayan Tambur

Litinin, 14 ga Fabrairu 1994

Azumi ya tsayar mini da aiki cak. Tambura goma sha ɗaya na jiran shiga albom, ni kuwa ba dama in kai harshe kan ƙaro sai an sha ruwa, da dare kuwa idona ba ya gani sosai. Na gwada da tsinke da ruwa a murfin kwalba, ya jiƙe fiye da kima. Harshe shi ya san gwargwado.

Tun ina koyarwa a lakkwal, makarantar boko, mutanen ƙauye ke kawo mini wasiƙun 'ya'yansu da ke ci-rani in karanta musu, ba na karɓar komai sai tambur ɗin da ke kan ambulan. Na ajiye alli, ban ajiye wannan ba. Shekara talatin da ɗaya, albom bakwai. Duk Maraɗi ba mai rabinsu.

Juma'a, 18 ga Fabrairu

Ranar kasuwa, saboda haka Tabawa ta zo da hantsi, kamar kullum. Tsohuwar nan ta Jiratawa mai sayar da zogale. Ta sauke kwarya a zaure, ta ce, “Mushe Ilyasu, a hiddo mini tsuntsun nan in gani.” Mushe ake ce wa malamin lakkwal a nan.

Shafin tamburan ƙasar Kodibuwa take nufi. Tsuntsaye biyar jere guda, cikakku, na biyar ɗin kore, shi ne ya zo a kan wasiƙar ɗanta. Shekara huɗu na yi ina neman shi kafin Allah ya kawo shi zaurena da kansa. Wasiƙar ta tafi da ita gida, gara ta cinye. Tun daga nan ba a sake jin ɗuriyar yaron ba, shekara shida ke nan.

Ta ɗaga shi da farce ta ce, “Mi anka rubuta nan?” Na karanta mata: Wada ɗan Rabo, Abijan, 1988. Ta gyaɗa kai ta sake shi. Kowace Juma'a tambayar nan. Tsufa dai, mantuwa ta kama ta. Ita ba ta taɓa faɗin sunan ba, ɗan fari ne.

Da ta ga ina fama da tsinke ta ce tun da su gidansu gargajiya ake bi, ba a azumi, in ba ta ta lasa mini. Na ce a'a. Ba harshen da ya taɓa shiga albom ɗina sai nawa.

Lahadi, 27 ga Fabrairu

Sha'ibu ya zo daga Tsibiri a kan mobilet ɗinsa, ɗan babur mai tari. Taubashina, kuma shi ma wai mai tara tambur ne, da albom ɗaya da rabi. Ya fito da wani ƙunshi yana wani ɗaga hanci. Wai wani Bature da ke tattara kayansa zai koma gida ya bar masa. Aljihunan leda ne ƙanana, gaba garau, baya baƙi. A zura tambur a ciki, a liƙa aljihun a shafi, ƙaro ba ya taɓa tambur ɗin sam.

“Duniya ta wuce lasa, Mushe. Kai kaɗai ka rage, kai da akuya.”

Na zaunar da shi na yi masa darasi, kamar yadda na yi wa 'ya'yansa a aji. Na ce ga yadda ake yi. A jiƙa tambur ya bar ambulan, a shanya. A rubuta a bayansa da fensir wanda ya aiko da garin da shekarar. Sannan a ɗauko sharniya, 'yar siririyar takarda da ba ta kai farcen ɗan yatsa ba, a lanƙwasa, a lasa, rabi a bayan tambur daga sama, rabi a kan shafi. Sai ya zauna kamar ƙyaure, a ɗaga a karanta, a sake ya koma. Kuma sharniyata ba ta kanti ba ce. Ni nake yanka takardar, ni nake dama ƙaron dakwara in shafa. Ga sefa, kuɗinmu, an karya darajarta, duk abin da ya fito Faransa ya yi tashin da ba a magana, ni ko a jikina.

Na ce to aljihunka mai baƙin baya, ta ina za a ga suna? Ya ce wa ke kallon bayan tambur? Na ce ka ji bambancina da kai.

Ya bar ƙunshin a kan tabarma da gangan. Na jefa shi a gwangwanin ƙusoshi.

Laraba, 16 ga Maris

Salla ta wuce lafiya. Na liƙa goma sha ɗayan nan a zama ɗaya, ko guda bai karkace ba.

Juma'a, 8 ga Afrilu

Zafi ba a cewa komai. Ma'aikata sun sake shiga yajin aiki, lakkwal a kulle, wasiƙu sun yi ƙaranci. Wata guda ban samu sabon tambur ba. 'Yan jam'iyyu kuwa kullum da lasifika a bakin titi.

Sharniyar tsuntsun kore ta karye yau a hannun Tabawa. Ba komai, takarda ce, ɗagawa ta yi mata yawa. Na cire na sa sabuwa. Sharniya ta tara ke nan a kansa, sauran 'yan'uwansa huɗu suna kan ta fari.

Ta ce, “Da yawunshi ya liƙa shi hwa, Mushe.” Na ce haka ne. Ban gaya mata na wanke shi tas a ruwa ranar da ya shigo ba.

Lahadi, 24 ga Afrilu

Atika ta zo gaishe mu da yara. 'Yata ta biyu, malamar gona, a Jiratawa take aiki wurin noman rani. Ita kaɗai ce cikin 'ya'yana ta taɓa zama ta buɗe albom ba don an sa ta ba. Ta ɗauki hantsaki, ta ɗaga koren, ta kara shi a hasken ƙofa.

“Baba, zo ka gani. Haske na ratsawa.”

Na gani. Wurin da ake cire sharniya ya yi siriri, kamar ƙwayar gero biyu. Duk cirewa ƙaron na tafiya da ɗan fatar takarda. Ta ce in sa shi a aljihun Kawu Sha'ibu, shi kaɗai, a bar sauran yadda suke. Na ce shekara talatin da ɗaya tambur bai taɓa mutuwa a hannuna ba, ba kuma zan fara koyon sana'ata wurin mai auna taki ba. Ta yi dariya, uwarta Salima ba ta yi ba.

Bayan sun tafi na sake dubawa. Sau uku.

Juma'a, 13 ga Mayu

Na hana Tabawa sa farce. Na ce daga yau ni zan riƙa ɗagawa da hantsaki, ita ta kalla. Ta ce to. Da na ɗaga, sai ga yatsanta ya biyo, ta ɗan shafa gefen. Na yi kamar ban gani ba.

Asabar, 28 ga Mayu

Labari mai daɗi. Tsofaffin ɗalibaina na shirya baje koli ranar uku ga Agusta a lakkwal ɗin da na koyar, sun ce a kawo albom. Tebur guda nawa ni kaɗai, a tsakiya. Sha'ibu an ba shi kusurwa. Na ce masa ya yi haƙuri, leda ba ta son rana.

Shafin tsuntsaye zan buɗe a gaba. Wanda ya san abin zai san me ya gani. Wanda bai sani ba ma zai ga kyau.

Juma'a, 10 ga Yuni

Ruwa ya sauka, an yi shuka. Tabawa ta zo da taɓo har idon sawu, a ƙasa ta tako don amalanken da take bi ya maƙale. Salima ta ba ta ruwa ta wanke ƙafa. Na ce mata wannan wahala duk don zogale kwarya ɗaya? Ta ce, “To mi za a yi.” Na ɗaga, na karanta, ta tafi.

Ina ganin tana jin daɗin albom ɗin nan fiye da masu takardun shaida da yawa a garin nan.

Talata, 5 ga Yuli

Ɗaki ya yi danshi. Shafuka suna kama juna kaɗan. Haka ƙaro yake da damina, yana laushi, in rani ya yi ya koma. Na jera albom ɗin a kan gado na bar taga a buɗe. Na san abina.

Juma'a, 15 ga Yuli

Ba na son rubutawa, amma zan rubuta.

Na ajiye wa Tabawa albom a buɗe na shiga ciki neman hantsaki, Salima ta kawar da shi wurin shara. Ban yi minti biyu ba. Ashe ƙaron ya narke ya bi bayan tambur ɗin gaba ɗaya, ya kama shafi. Ita ba ta sani ba. Ta sa farce ta ɗaga kamar yadda ta saba.

Na fito na tarar da tsuntsun a yatsunta, sirit, an ɗan tsage daga ƙasa. Fatar bayansa ta zauna a kan shafi, rubutun ya kife a ciki. Sunan ya tafi.

Na yi faɗa. Na ce na hana ki, na hana ki. Na ce kin san shekara nawa na yi ina nemansa? Na ce tambur ɗina ne, ba naki ba, kin ba ni tun tuni. Har maƙwabta sun leƙo.

Ta ajiye shi a kan tabarma da hannu biyu, ta ɗauki kwaryarta. Zogalen da take bar wa Salima ma ta bari a bakin ƙofa.

Ban je masallaci da zuciya ɗaya ba.

Asabar, 16 ga Yuli

Laifin danshi ne. Da kuma wanda ya kawar da hantsaki.

Lahadi, 17 ga Yuli

Salima ta ce ita ba ta dama ƙaro ba.

Na gwada jiƙa fatar da ta rage a shafi ko za ta tashi. Ta zama kamar kunu. Na goge. Shi kuwa tsuntsun, gabansa lafiya lau, launi bai tafi ba, amma ya yi siririn da ko numfashi mai ƙarfi ban yarda in yi kusa da shi ba. Sharniya ba za ta ƙara zama a kansa ba. In na lasa na ɗora, zai huje. Wannan na sani, ba sai wani ya gaya mini ba. Yana cikin ƙamus ɗina na Faransanci, tsakanin shafuka.

Juma'a, 22 ga Yuli

Ba ta zo ba. Na zauna a zaure har aka yi kiran farko. Da ma ina da aikin yanka takarda.

Talata, 26 ga Yuli

Atika ta biyo daga aiki, ko hular mobilet ba ta cire ba. Ta ce Tabawa na kwance, ƙafa ta kumbura, ta ba wata maƙwabciya tallan zogalen. Na ce Allah ya sauwaƙe. Na ce ai da ma tsufa, ga mantuwa, abu ɗaya sai ta tambaya sau ɗari.

Atika ta dube ni yadda uwata ke dubana in na yi wauta.

“Baba, matar da ta san ranar ban ruwan kowace gona a Jiratawa ita ce mai mantuwa? Ba ta iya hwaɗin sunanshi, ka sani. Mijin ya rasu. Mutanen gari sun hidda rai, ba mai ambatonshi gabanta. Nan kaɗai take jin an hwaɗe shi.”

Ni da na koyar da yara fiye da dubu. Ni da ke cewa na san bayan tambur. Shekara shida mace na tako hanya don ta ji an kira sunan ɗanta, ni ina zaton tsuntsuna take sha'awa. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na ce wa Atika ta gaida mijinta.

Alhamis, 28 ga Yuli

Na zazzage gwangwanin ƙusoshi. Aljihunan suna nan, tsatsa ta ɗan taɓa na sama. Na zura wani tambur na banza na gani. Yana zama daram, ba ya motsi. Ba zan ce ba kyau ba. Amma bayan baƙi ne, ba a ganin komai.

Asabar, 30 ga Yuli

Na hau keke zuwa Tsibiri. Duk hanya ina shirya amsar da zan ba Sha'ibu in ya fara. Na tarar da shi yana cire ciyawa a bayan gida. Na ce ko akwai irin aljihun nan wanda gaba da baya duk garau ne. Na jira.

Ya dube ni, ya shiga ɗaki, ya fito da guda uku. Ya auna da idonsa ya ce wannan zai yi. Ko kalma ɗaya ta tsiya bai yi ba. Taubashi ya samu irin wannan dama ya bar ta! Da ya yi mini dariya da ya fi mini sauƙi.

Da na dawo na yanki 'yar takarda daidai girman tambur, na rubuta sunan da garin da shekarar, da tawada wannan karon. Na sa ta a bayan tsuntsun, na zura su tare. Sau biyu ina ajiye hantsaki. Ya shiga lafiya. Tsagar ma da ƙyar ake gani.

Na ɗora shi a gurbinsa a shafi don in gani. Biyar cif. In na liƙa aljihun nan, ranar Laraba ba wanda zai san an yi komai. Na daɗe ina kallo.

Ban liƙa ba.

Lahadi, 31 ga Yuli

Jiratawa. Gero ya kai ƙugu, hanya duk ruwa, na tura keken fiye da yadda na hau shi. Atika ta kwatanta mini gidan, bayan babbar hanyar ruwa, mai bishiyar zogale uku a ƙofa.

Tabawa na zaune a inuwa, ƙafar a miƙe, an shafa mata wani magani baƙi. Ta so ta tashi na hana ta. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ruwa da shuka da gida da yara. Na tambayi ƙafa. Duk abin da na shirya faɗa ya ƙi fitowa. Daga ƙarshe na ce, “Uwar gida, ranan nan bakina ya yi yawa. Ƙarona ne ya yi ɓarna, ba hannunki ba.” Ban taɓa faɗin irin wannan ga kowa ba, har Salima.

Ta ce, “Ba komi, Mushe.”

Na ciro shi daga aljihun riga na ba ta. Na ce nata ne, ta riƙe. Ta juya shi, ta shafa, ta ce ya yi santsi. Na ce yanzu ko sau nawa ta taɓa ba abin da zai same shi. Ta juya bayan, ta ga rubutu. Ban jira ta tambaya ba, na karanta.

Can ta ɗaure shi a haɓar zane. Har na kama keke, na ji ta ce, ba ma da ni take ba sosai, “To, wa za ya riƙa karanta mini?”

Na yi sallama.

Laraba, 3 ga Agusta

An yi baje koli. Jama'a sun cika, har da waɗanda na yi wa bulala suna yara, yanzu da tumbi da manyan riguna. Teburina ba masaka tsinke. Wani ya ce bai san akwai irin wannan a Maraɗi ba. Na ce da ma ba a tambaya ba ne. Na nuna musu yadda ake ɗaga tambur a karanta, mutum uku sun ga sunan 'yan'uwansu, ɗaya har ya kira matarsa ta zo ta gani. A kusurwar Sha'ibu wa zai ga wannan?

Shafin tsuntsaye na buɗe a gaba kamar yadda na yi niyya. Huɗu da gurbi, ga tabon ƙaro a fili. Wani mai tabarau daga Yamai ya ce kash, saura ɗaya ya cika. Na ce ya cika, na biyar yana Jiratawa wurin mai shi.

Sha'ibu yana ji. Ya yi kamar yana gyara leda.

Asabar, 13 ga Agusta

Na ce wa Sha'ibu ya nemo mini irin garau ɗin nan ko ashirin. Don tamburan Libiya ne da na Gana 'yan kaɗan da ake yawan ɗagawa, sun fara laushi. Sauran duk suna nan kan sharniya, ba wai na sauya ra'ayi ba.

Yau da safe na ɗan fita da keke. Likita ya daɗe yana cewa in riƙa motsa gwiwa, kuma Salima ta ce zogalen kasuwa ba ya da daɗi tun da aka canja mai kawowa. Hanya ta kai ni Jiratawa. Ƙafar Tabawa ta ɗan saɓe. An ɗinka wa aljihun 'yar jakar fata, tana rataye a wuyanta, ta fito da shi da kanta.

Na karanta. Ta ce iska ta ɗauke, ba ta ji ba. Ko ganye ba ya motsi. Na sake karantawa.

Asabar mai zuwa in fita da wuri, rana ta dake ni a dawowa.